Farantin da Kura Ba Ta Ci Ba

Duk sashensu na jami'a an san takun Dakta kafin a ga fuskarta. Ba ta iya tafiya irin ta mutane ba, kullum ƙwas-ƙwas take yi a baranda kamar wadda ta baro girki a kan wuta, in kuma ta sami kujera, a bakin-bakinta take ɗosana jiki, jaka na rataye a kafaɗa. Mijinta ne ya laƙaba mata Garaje tun suna ɗalibai. Ita ma ta rama, ta sa masa Kunkuru, don mutum ne da zai ɗauki tsakuwa ɗaya ya yi ta jujjuya ta a tafin hannu har shayinsa ya yi sanyi. Dangi sun ce wannan aure ba zai kai ko'ina ba. Ga shi har furfura ta same su a gida ɗaya.

Dukansu biyu masu binciken bakteriya ne, ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ita nata na asibiti ne. A kawo mata jini ko majina da yamma, ta shafa a ɗan farantin roba mai murfi wanda aka zuba wa daskararren romo, ta tura shi cikin akwatin ɗumi. Washegari ƙwayoyin sun ci sun ƙoshi sun hayayyafa har sun yi ɗigo-ɗigo a fili, sai ta faɗa wa likita maganin da zai bayar. Aiki ne na sha yanzu magani yanzu, kuma ya dace da ita. Shi kuwa Kunkuru sai ya zaɓi hamada. Ba irin wadda ake ganin ƙaya da sawun dabba ba, wata ce can ƙuryar ƙurya, inda akan yi shekara da shekaru sama ba ta zubo ko ɗigo ba, inda ko ƙuda ba ya kai ziyara. Ya sha wuya kafin ya samu zuwa sau ɗaya tak. Ya dawo fatar hancinsa na saɓulewa, da 'yan kwalabe cike da ƙasar da ya kankaro daga ƙarƙashin duwatsu, bai yarda kowa ya taya shi ɗauka ba.

Da aka sa ƙasar a na'urar da ke karanta gadon halitta, wato tsarin da kowane mai rai ya gada a jikinsa, abin da ta nuna ya hana shi cin abinci. A cokali ɗaya akwai iri ɗaruruwa, kowanne da dabararsa.

"Kin ga wannan," yakan ce mata yana nuna allon kwamfuta, "in rana ta tsinka masa gadonsa, shi yake ɗinke abinsa da kansa. Wannan kuma iska yake lasa ya rayu. Wancan in ƙishi ya yi tsanani sai ya ƙandare, ya yi barci har jikokinmu su tsufa. Kuma ranar da suka tashi, ja za ki ga wasunsu. Launin nan shi ne laimarsu."

Ita kuma tana tsaye da makullin mota a hannu sai ta ce, "To Allah ya ba su lafiya. Taso mu tafi."

Saura abu guda. Na'ura gado kawai take karantawa, ba ta bambance mai rai da gawa. Shugaban sashe, wanda kowa ke ce wa Oga, ya daɗe yana cewa ƙasar Kunkuru maƙabarta ce, tarkacen matattu ne iska ta kwaso daga wani wuri ta zube a can. Hanya ɗaya ce ta rufe masa baki: a tashi ko da iri ɗaya daga barci, ya tofo a faranti kowa ya gani da idonsa. Kunkuru yana cikin shirin wannan, a hankali a hankali yadda ya saba, ciwo ya kada shi a bakin famfon ɗakin bincikensa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke ɗif.

Garaje ba ta yi shawara da kowa ba, ta kwashe kayan aikinta ta koma ɗakin bincikensa. Ta ɗaura aniyar sai ta tashi ƙwayoyin nan, ta kai masa har gado ya gani da ransa. Ta fara da abin da ta sani. Ta dafa romo mai kauri, wanda ƙwayoyin asibiti ke rububi a kansa, ta barbaɗa ƙasa, ta sa a ɗumi irin na jikin mutum. Shiru. Ta ƙara sukari. Ta ƙara jini. Ta jiƙa ƙasar sharkaf ta girgiza ta a kwalba. Kafin azahar ta buɗe akwatin ɗumi sau ba adadi, ta ɗaga faranti sama wajen haske, ta karkata shi, ta ja tsaki, ta mayar. A wurin aikinta na da, faranti in ya kwana biyu ba komai, to ba komai ɗin ne. A nan sai ta ce bari ta yi musu alfarma tunda baƙi ne, ta ba su mako biyu cur. Ita a ganinta ta yi haƙurin da ba ta taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Daga nan sai Kura. Haka ma'aikata ke kiran babbar tukunyar tururin da ke ƙarshen baranda, wadda ake dafa duk abin da aka gama da shi don kada wata cuta ta fita gari, abin da ya shiga bakinta kuwa ba ya dawowa. Ranar Alhamis ake kunna ta. Doka ce mai kyau, kuma ita kanta Garaje ce ta tsaya kai da fata aka kafa ta a shekarun baya, lokacin da ɗalibai ke barin tsofaffin farantai suna ruɓewa a lungu. Duk Alhamis sai ta cika leda da waɗanda wa'adinsu ya cika ba su tofo ba, ta ɗaure bakinta tamau, ta kai da hannunta. Kwalaben ƙasa kuwa suna ta raguwa a kan kantar ajiya.

Gida ma ba hutu. Yayar Kunkuru ta tare a wurinsu don jinya, mace mai jiki da baki, wadda ta goya shi yana yaro kuma har yau Auta take ce masa. An sa masa gado a falo kusa da taga don ya riƙa ganin titi. Da Garaje ta shigo, tun takalmi na ƙafarta take farawa.

"Kunkuru, ya jikin? Ka ci abinci? Yaya, ya ci kuwa? An juya shi? Wannan matashin ai ya yi tudu."

Sai ya kafa mata ido, gefen bakinsa mai lafiya ya soma rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ruwa kake so? A'a? Bayi? Fanka ce ta yi yawa? Yaya, kashe fankar nan. Ko rediyo zan kunna maka?"

Kafin ya haɗa leɓe da leɓe ta kawo ruwa, ta kashe fanka, ta kunna rediyo, ta canja matashi. Sai ya lumshe ido ya juya fuska bango.

"Ke dai Allah ya sawwaƙe miki," in ji Yaya. "Mai lafiya ma ba ya samun ƙofar shiga maganarki, balle Auta."

"Yaya, in na tsaya zuciyata ce za ta fashe."

Gaskiyarta ta faɗa. Tana tsoron shirun nan nasa fiye da yadda take tsoron mutuwa, kuma muddin tana motsi ba ta jin sa sosai. Don ta cike wurin ne ma take ba shi labarin aiki, ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage komai. Ranar Alhamis takan ce, "Yau ma na kai wa Kura leda guda." Duk ranar da ta faɗi haka sai ya hau dukan ƙarfen gado da hannun hagu, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ta ɗauka baƙin cikin rashin nasara ne, ko kuma ciwon ne ya motsa, sai ta ruga ta ɗauko magani, tana ba shi haƙuri, tana yi masa alkawarin mako mai zuwa za ta ƙara musu abinci.

Akwai wata mata da ke zuwa koya masa magana. Takan zauna a gabansa ta ɗaga kofi ko cokali, ta yi shiru tana jira, Garaje na kai-kawo a bayanta tana cizon yatsa, wani sa'in ma ta faɗi amsar da kanta. Likitansa kuwa tun farko ya ce, "Dakta, ke ta gida ce, ba sai na ɓoye miki ba. Maganar da ba ta dawo a watannin farko ba, da wuya ta dawo." Garaje ta riƙe wannan a rai. Da watannin suka cika, ta yi wa matar godiya ta sallame ta, ta ce wahalar da shi kawai ake yi.

Wata safiya Oga ya leƙo ɗakin binciken, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Dakta, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Allah ya ƙara sauƙi. Wato maganar ɗakin nan ce. Masu binciken ruwan sha sun yi wa nasu yawa, har a baranda suke aiki. Na ja musu rai iya ja. Ƙarshen zangon nan dai…"

"Saura kwalba ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ni ba na ƙin Malam, rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Amma abin da ya mutu ya mutu. Ai ke ce kike koya wa ɗalibai cewa faranti ba ya ƙarya."

Maganarta ce ya mayar mata. Da ya tafi ta zagaya teburin sau biyu, ta buɗe kabad ta rufe, ta sake buɗewa. A can ƙasa akwai kwalaben romon da Kunkuru ya haɗa kafin ya kwanta. Ta daɗe da ganinsu, ta kuma daɗe da raina su, don tsararo ne fari kamar ruwan ɗauraye kwano, ta ɗauka ciwo ne ya katse shi bai gama haɗawa ba. Yanzu da dabara ta ƙare, sai ta ce bari ta gwada ko don kada a ce ba ta gwada ba. Ta sa wa romon abin daskarwa, ta zuba a farantai, ta barbaɗa ƙasar ƙarshe har sai da ta buga gindin kwalbar da tafin hannu, ta liƙe bakin kowanne da tef. Wannan karon ko abincin rana a tsaye ta riƙa ci a gaban akwatin ɗumi. Wa'adi ya cika, farantan suna nan fes yadda ta zuba su.

Ranar Alhamis ta cika leda. Har ta kama bakinta za ta ɗaure, sai ta zaro faranti ɗaya ta jefa a jaka. Gani ta yi ya kamata mai abu ya ga ƙarshen abinsa. Sauran ta kai wa Kura, ta tsaya har sai da ta ji tururi ya fara huci.

"Kunkuru, na kasa," ta ce da ta isa gida. Wannan karon muryarta ta yi ƙasa. "Ƙasar ta ƙare. Ga na ƙarshe, da romonka na yi, shi ma bai yi ba. Ka yafe ni."

Ta ɗaga masa farantin wajen taga don ya gani. Ba ta ankara ba sai ji ta yi an fizge. Hannun hagun nan da ke rawa in zai ɗauki cokali, shi ne ya cafke farantin ya danne a ƙirji.

"Kawo, nunawa kawai na yi. Doka ce, dole a dafa shi."

Ya ƙara matsewa, yana kallonta ido cikin ido.

"Ki bar masa," in ji Yaya daga ƙofar kicin. "Tun yana yaro haka yake. In ya riƙe abu, sai dai a yanke hannun."

Haka farantin ya samu wurin zama a kan dakalin taga, inda hannunsa ke kaiwa, a bayan labule. Kullum da hantsi sai ya jawo shi, ya ɗaga, ya daɗe yana dubawa, ya mayar. Garaje ba ta son ganin wannan. Mutumin da ake gayyata ƙasashe ya yi bayani, yau shi ne ke wasa da fankon roba. Ta fara zargin ciwon ya taɓa hankalinsa, kuma ba ta gaya wa kowa ba, sai dai in ya jawo farantin ta sami abin yi a wani ɗaki.

Zango ya ƙare, masu ruwan sha suka shiga ɗakin da bokitansu. Littattafan Kunkuru suka dawo gida a kwalaye, aka jibge su a lungun falo. Garaje ta koma wurin jini da majina, inda ake tambaya yau a sami amsa gobe, amma ko wannan bai kwantar mata da hankali ba. Ta canja wa kujerun falo wuri, ta mayar da su. Ta sa an yi fenti. Ta sayi labule, ta ga bai yi ba, ta kai aka rage masa tsawo. Yaya ta ce in an bar ta, wata rana gidan ma za ta ɗaga ta juya masa fuska. A tsallaken titi aka rushe shagon mai gyaran waya, aka yi gini, aka buɗe kantin magani, duk a kan idon Kunkuru.

Wata Asabar da safe tana neman makullin mota, wanda yake hannunta, Yaya ta fito da tsumman goge-goge.

"Ni dai yau sai na jefar da abin nan na Auta, ko zai yi fushi ya yi. Ya fara ƙuraje."

"Ƙurajen me, Yaya?"

"Ja-ja haka. Kamar an watsa masa garin barkono. Kada ya je ya sa mana wata cuta a gida."

Garaje ta ƙarasa bakin gadon. Ba ta ma miƙa hannu ba, shi ne ya jawo farantin ya ɗora mata a tafi. Romon ya janye ya tsage a gefe, tef ɗin ya yi dauɗa. Ta ɗaga shi wajen haske yadda ta ɗaga dubban farantai a rayuwarta. Ɗigo ne ƙanana, ba su kai kan allura ba, kowanne a zaune daram a kan ƙwayar ƙasa. Yawancinsu ja ne. Akwai 'yan rawaya a gefe, da wani baƙi-baƙi guda ɗaya mai tamoji. Ba gashi-gashin funfuna, ba kuma wani abu da ya faɗo daga iskar falo, don murfin a liƙe yake yadda ta liƙe shi. Idonta ya san aikinsa, bai bar mata wurin musu ba.

Suna da rai. Tun farko suna da rai.

Murna ta zo mata, amma ba ta daɗe ba, wani abu mai nauyi ya biyo bayanta. Iri uku ke nan a hannunta, cikin ɗaruruwa. Ta tuna ledojin Alhamis, ɗaya bayan ɗaya, da yadda take ɗaure bakinsu tamau. Halittun da rana ba ta kashe ba, ƙishin shekara da shekaru bai kashe ba, sun tsallake duk wannan sun zo hannunta, ta shaƙe wasu da abinci, ta nutsar da wasu a ruwa, waɗanda kuma suka fara miƙa za su tashi ta kai su tukunya don sun makara. Ta tuna ƙarar ƙarfen gado duk ranar Alhamis, da maganin da take ɗura masa. Ashe ihu yake yi mata iya ƙarfinsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Amma hali zanen dutse. Kafin hawayen ya sauko ta riga ta saɓa jaka.

"Bari in kira Oga. A'a, gara in je da kaina, ya gani da idonsa. Sai an sa su a madubin ƙara girma, sai an ɗauki hoto, sai an raba su kowanne da farantinsa. Yaya, ina wayata? Yau Asabar, wa ke riƙe da makullin sashen? Kunkuru, yanzun nan zan dawo."

Ya kama wuyan hannunta. Riƙo ne irin wanda ya yi wa farantin. Gefen bakinsa ya soma rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Me kake so? Ruwa? Ko in bar shi a…"

Sai ta ji muryar kanta, ta yi shiru. Ta tuna matar nan mai ɗaga kofi, wadda ta sallama da wa'adi ya cika. A hankali ta mayar da farantin kan dakalin taga, ta jawo kujera da ƙafa, ta zauna, wannan karon har bayanta ya taɓa jingina.

Shirun ya yi tsawo, kuma duk abin da take tsoro yana cikinsa. Wata mota ta tsaya a gaban kantin magani, aka sauke kwalaye, ta tafi. Butar shayi ta lantarki ta tafasa a kicin har ta kashe kanta. Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, Garaje ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiwaya ba. Ƙafarta na son karkaɗawa, ta danne ta da ɗayar. Kalmomi goma sun zo mata bakin harshe, kowacce tana ganin ita yake nema, ta haɗiye su duka. Gumi ya tsatsafo masa a goshi. Leɓensa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, wani sauti ya fito daga can cikin maƙogwaro, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Ga… ra… je."

Yaya ta saki tsumman ta zauna a kan kwalin littattafai tana salati. Garaje kuwa dariya ce ta kufce mata tare da kuka, ta rasa wanda za ta fara tsayarwa.

"Na'am," ta ce. "Na ji. Ni ce."

Ta sa gefen mayafi za ta share fuska, sai ta ga bakinsa ya sake motsi. Da sauran magana ke nan. Ta sauke jakar daga kafaɗa, ta ajiye makullin motar a ƙasa, ta gyara zama.